Tankin da Yaya Ya Saya wa Mma

Sunana Memuna. A Zogbeli aka haife ni, a nan Tamale, a nan kuma na yi furfura. Abin da zan faɗa ya same mu ne a farkon shekarun mulkin kai, lokacin da tuta mai baƙin tauraro ba ta daɗe da hawa sanda ba. Na jima ban so buɗe zancen ba, don ciwon gida ne. Amma yanzu ina ganin tankunan ruwan zafi na ta shiga gidajen mutane, har can Choggu inda da gonaki ne, sai na ga idan na ci gaba da shiru ban kyauta wa tsofaffin wasu ba.

Mahaifiyarmu, wadda unguwa ke kira Mma Adisa, man kaɗe ta sayar a kasuwa har ƙarfinta ya ƙare. Ni kuma mijina ya rasu, na dawo gida da keken ɗinkina. Gidan na yayana ne, Alhasan, mai lori guda. Yana kai doya da gyaɗa Kumasi, ya dawo da goro da gishiri. Da yake ɗan fari ne, Mma ba ta kama sunansa, Direba take ce masa. A daminar da nake magana matarsa ta tafi Salaga haihuwa wurin iyayenta, saboda haka idan Yaya ya kama hanya, daga ni sai Mma a gidan.

Tun kafin nan Mma ta daɗe tana cewa sanyi ya shige mata ƙashi. Takan ce ƙafafunta kamar a kan auduga take takawa. Takalmi ya sha zame mata a hanya ba ta sani ba sai wani yaro ya biyo ta da shi. Ga shan ruwa kamar ba gobe, ga yawan zagawa bayan gida. Duk muka ce tsufa ne. Abu ɗaya take so, ta tsoma ƙafafunta cikin ruwan ɗumi da safe tana jan carbi.

Turawa na ta tattara nasu ya nasu a lokacin, ana gwanjon kayansu. A nan Yaya ya sayo tankin. Na farin ƙarfe ne, ya kai tsayin ƙirjina. Ya ɗauko wani fita, wato mai haɗa famfo, mutumin kudu, Kwami, ya gina masa murhu na bulo a bayan ɗakin wanka, ya ɗora tankin a kai, ya huda bango ya shigar da bututu da kan famfo. A jikin tankin akwai agogo mai tsinke ɗaya, gefe guda shuɗi, tsakiya fari, ɗaya gefen ja. Har wata 'yar taga Kwami ya bari a bango don wanda ke ciki ya riƙa hango shi.

Kwami ya tsayar da ni ya koya mini. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “ka” ne. Ya ce, “Sista, ka duba nan. Tsinke ya zo fari, ka cire itace. Ya shiga ja, wannan ba wanka ba ne, wannan na fige kaza ne.”

Mma ta yi murna ƙwarai. Duk wadda ta shigo gaishe ta sai ta kai ta bayan ɗaki ta ce, “Zo ki ga abin da Direba ya yi mini.” Ni ce mai hura wuta. Ina ganin tsinke ya hau fari sai in janye itace in yayyafa wa garwashi ruwa. Haka muka yi rani guda ba abin da ya faru.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Yaya yana hanyar Kumasi. Na hura wuta, tsinke ya hau fari, na janye itace kamar kullum. Sai ga aike daga maƙwabta cewa an yi rasuwa, na yafa gyale na shiga yi musu gaisuwa. Daga baya Mma ta gaya mini abin da ta yi. Ta ji sanyi ya yi mata yawa, ta mayar da itacen. Ta duba tsinke, yana fari. Ta ƙara wani gungume, ta jira, ta sake dubawa, yana nan a fari. Ta shiga, ta zauna a kujerarta, ta sa ƙafafu cikin daro, ta murɗa famfo.

Da na dawo na tarar da ɗakin wanka ya cika da tururi, tana zaune tana jan carbi hankalinta kwance. Ta ce, “Ya masu haƙuri?” Na sunkuya in ɗauki kwanon sabulu, bayan hannuna ya taɓa ruwan. Ihun da na yi shi ya firgita ta, ba ƙunar ba.

Na cicciɓo ƙafafun na fitar. Sun yi fari fat kamar dafaffen rogo, daga idon sawu zuwa yatsu. Na kwaso ruwan randa na yi ta kwarawa. Tana kallona tana cewa, “Ke Memuna, mene ne? Ni ban ji komai ba.” Da na sa zane zan tsane mata, fatar bayan ƙafar dama ta biyo zanen.

Kafin hantsi gida ya cika. Wata ta fasa ɗanyen ƙwai, wata ta ce gishiri, wata ta ce shuɗin wanki. Sai ga Gwaggo Fati, ƙanwar mahaifinmu, daga Nyohini. Ita ce babba a dangi tun rasuwar Baba, maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Ta kawo gashin zomo a ƙunshi, ta kwaɓa da man kaɗe ta lulluɓe ƙafafun da shi. Na ce, “Gwaggo, da mun je asibiti.”

Ta ce, “Mai gida ba ya nan za ki ɗauki uwarsa ki kai wa masu wuƙa? Kin ji tana kuka? Ƙunar da ba ta sa kuka ba, ba ƙuna ba ce.”

Mma ma ta goyi bayanta. Wannan rashin kukan shi ya yaudare mu duka. Mma na cin tuwonta, tana hira da masu dubiya, tana ba su labarin yadda na yi ihu kamar an yanka akuya. Ana dariya. Ni kaɗai nake ganin ruwan da ke tsattsafowa ta ƙarƙashin gashin, yana jiƙa tabarma.

Ba a yi mako ba wari ya fara. Da farko na ɗauka man kaɗen ne. Sai ƙudaje suka yi mana yawa. Sai zazzaɓi ya rufe ta, tana rawar ɗari cikin bargo biyu. Yaya kuwa ya maƙale a bakin kogi, ruwa ya cika, lorori sun yi layi suna jiran jirgin fito. Ban ƙara tambayar kowa ba. Na je tasha na sami wani abokinsa direba, ya zo muka kwantar da ita a gaban motarsa.

A asibiti muka sami jama'a kamar ranar kasuwa. Mutanen ƙauyuka sun zo da tukwanensu da tabarminsu suna zaune a gindin itatuwa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, kuma likitan ɗaya ne ke ganin mu duka, don likitocin Turawan da suka tafi ba a gama maye gurbinsu ba. Mai ba da kati ya yi ta yi mini Turanci, ina mayar masa da Hausa da Dagbanci, har ya gaji ya rubuta abin da ya ga dama. Mma na kwance a baranda, na rufe ƙafafun da gyalena saboda ƙuda. Rana ta take, ta karkata, ba a kira mu ba.

Wata nas ce ta zo wucewa ta tsaya cak, warin ya tsayar da ita. Ta ɗaga gyalen, ta mayar, ta ce, “Wa ya kawo wannan tsohuwa? Tashi, ɗauko shi.” Sista Akosuwa ke nan, Kirista ce daga kudu, gajeriya mai faɗa, Hausarta irin ta Kwami. Ita ta ratsa layi da mu. Allah ya saka mata, ko tana raye ko ta riga mu.

Cire gashin zomon nan ya ci sauran yinin. Ya manne da nama, sai da aka yi ta jiƙawa da ruwan gishiri ana tsincewa da ɗan hantsaki. Ni na riƙe daro. Sau biyu ina fita in yi amai in dawo. Mma kuwa tana kwance tana kallon rufi.

Likitan saurayi ne, idanunsa jajur don gajiya. Ya ɗauki allura ya ce Mma ta rufe ido. Ya soki tafin ƙafa, shiru. Ya hau idon sawu, shiru. Sai da ya kusa gwiwa ta ce, “Wash.” Ya sa aka karɓi fitsarinta, aka zuba a 'yar kwalba da wani shuɗin ruwa, aka ɗora a kan wuta. Ina kallo shuɗin ya koma kore, ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya ce, “Shuga.” Ranar na fara jin cewa sukari na iya zama ciwo.

Ya yi magana mai tsawo, Sista ta juya mini. Ta ce shugan ne ya kashe jijiyoyin ƙafar tun tuni. Ta ce ruwan randar da na kwara shi ne daidai, da ma na daɗe ina kwarawa sannan na rufe da tsabtataccen zane na kawo ta a ranar. Sai ta ƙara da wata magana tasa da ban manta ba: “Ciwo ɗan aike ne. Na tsohuwar nan ya mutu a hanya, shi ya sa labari bai iso ba.”

Aka ba ta gado a ɗakin mata. Ni na shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da ita. Safe da yamma allurar fanisilin, kafin abinci allurar shuga. Kowace safiya Sista ta turo tebur ɗinta mai taya, ta gaishe da Mma da Dagbanci ta ce, “Dasiba, Mma. Ka kwana lafiya? Yau ma zan wanke ƙafa naka.” Mma ta ce, “Naa, 'yata.” Aka hana ta koko mai sukari, aka hana zuma, aka rage mata tuwo. Wannan ya fi ƙunar damun ta.

A mako na biyu Yaya ya iso. Daga tasha ya wuto asibiti, ko gida bai je ba. Ya tarar ana wanki, ƙafafun a buɗe. Ya tsaya a bakin gado bai yi sallama ba. Mma ta ce, “Direba, ka dawo? Ya hanya?” Ya juya ya fita. Na bi shi na same shi a bayan ɗakin ya dafa bango.

Washegari ya ɗauko Kwami suka je gida, ni ma na je ɗebo kaya. Kwami ya hura wuta, muka tsaya muna kallo. Tsinke ya taso daga shuɗi, ya hau fari, ya tsaya. Ruwa ya fara ƙara a ciki, murfi na rawa, tururi na fita, tsinke bai motsa ba. Kwami ya kwance agogon ya buɗe bayansa. Ruwan sama ya daɗe yana shiga ta gefen gilashin, tsatsa ta ci ciki ta tokare tsinken. Yana sauka idan ruwa ya huce, yana hawa zuwa fari, amma ba ya iya wucewa. Wa ya san tun yaushe? Da yake ni kullum a fari nake janye wuta, ba abin da ya taɓa nuna mana.

Kwami ya zauna a ƙasa da agogon a hannu, ya ce, “Masta, da na yi masa rumfa.” Yaya ya ce, “Ni na sayo shi.” Ya ɗauki taɓarya ya rushe murhun, bulo ɗaya bai bari a kan ɗaya ba. Kwami bai daina zuwa asibiti ba har ƙarshe, duk Lahadi bayan cocinsu, ya tsaya daga bakin ƙofa da hularsa a hannu.

Mako na uku muka ga haske. Zazzaɓi ya sauka, ƙafar hagu ta fara yin jan nama mai kyau. Har Mma ta fara tsokanar matar gadon kusa da ita. Amma a makon ne bandeji ya ƙare a asibiti. Aka ce mota ba ta iso daga kudu ba. Na yayyaga fararen zannuwan Mma, ina dafawa a tukunya, ina shanyawa, ina gogewa da dutsen guga mai gawayi. Sai allurar shuga ita ma ta yanke. Yaya ya bi kantunan magani, ya aika Kumasi ta hannun direbobi, kuma kafin ta iso an yi kwanaki ba a yi mata ba. Tasoshin Mma na aure da ta jera a ɗaki shekara da shekaru suka fara tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya kekena ya bi su. Yaya ya daina tafiya, ya ba wani lorin haya, wanda ya karɓa kuma ya dawo masa da ita injin a fashe.

Masu dubiya ma, Allah ya ba su lada, sun ƙara mana aiki. Kowa ya zo da abu a ƙarƙashin mayafi, wannan masa, wannan fura da sukari, wannan rake. Wata rana na fita wanki na dawo na tarar Gwaggo na ba ta zuma a cokali. Na ce, “Gwaggo, likita ya hana.”

Ta ce, “Likita ya fi Allah sani ne? Zuma waraka ce.”

Sista ta ji mu. Ta zo ta karɓe kwalbar ta ce, “Hajiya, zuma yana da kyau, amma ba don wannan ciwo ba. Ka sake kawowa, ni da kai ne.” Gwaggo ta yi fushi ta yi mako ba ta zo ba. Amma kada in zalunce ta. Da ta dawo, ita ta riƙa karɓata tana zama da Mma in je gida in yi wanka, kuma awarwaronta ta cire ta ba Yaya ba tare da an tambaye ta ba.

Wajen mako na biyar yatsun ƙafar dama suka fara baƙi. Ƙaramin ya fara, sai na kusa da shi. Warin ya sauya, ya zama wani iri mai zaƙi-zaƙi da ke bin tufafi har gida. Matan ɗakin suka roƙa a matsar da gadonmu, aka kai mu lungu aka kafa labule. Likita ya duba, ya ce, “Gangirin.” Wato naman ya mutu, yana ruɓewa. Ya sa yatsa ya ja layi a ƙasan gwiwa. Wannan bai buƙaci tafinta ba.

Mma ta ce a'a.

Dangi suka rabu biyu. Gwaggo ta ce Musulmi ba ya zuwa kabari guntu-guntu. Yaya ya je wurin limamin unguwarmu, ya zo da shi har bakin gado. Liman ya ce, “Mma Adisa, addini bai hana ba. Ceton rai ne. Abin da aka cire a binne shi, kuma Wanda ya halicce shi ya san inda yake.” Ta yi masa godiya, ta ce a gaida gida. Bayan ya tafi ta ce a'a.

Likita ya ce kowace rana baƙin na hawa. Yaya ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya fita. Da rana tsaka, ɗaki ya yi shiru, ina yi mata fifita, na ce, “Mma, don Allah gaya mini gaskiya. Tsoron wuƙar kike?”

Ta ce, “Ni da aka dafa ban ji ba, wuƙa zan ji tsoro?” Sannan ta ce, “Ke nake dubawa. Kin yi jinyar miji, kin yi takaba. Yanzu kuma ki ƙare ƙuruciyarki kina ɗaukar gurguwa zuwa bayan gida? Wa zai aure ki da ni a bayanki? Kekenki ma na ji an sayar.”

Ban san wa ya gaya mata ba. Na ce, “Mma, in kin tafi don ki sauƙaƙa mini, da wane ido zan kalli sauƙin? Ki bar ni in ɗauke ki. Ni na roƙa.”

Ba ta amsa ba ranar. Ba ta amsa ba washegari. Sai da baƙin ya wuce idon sawu, zazzaɓi ya dawo, sannan ta kira Sista da kanta ta ce, “Gaya wa yaron nan ya zo ya yi aikinsa.” A lokacin layin da likita ya ja ya tashi daga ƙasan gwiwa ya koma samanta.

Ana buƙatar jini. Mutanen da ke cika mana baranda kullum suka watse da jin haka, wai wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara ƙarfi. Yaya ya bayar, Kwami ya bayar. Aka yi aiki. Aka miƙo wa Yaya ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, shi da liman suka kai maƙabarta. Ya ce mini bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba, shi da ya yi rayuwarsa yana loda buhuna.

Ta farfaɗo. Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk jinyar. Warin ya tafi, aka cire labule, ta sha romo, ta nemi a kitse mata kai. Wata safiya ina gyara mata shimfiɗa sai ta kama hannuna ta ce, “Memuna, babban yatsana na dama yana mini zafi. Sosa mini.”

Na kalli wurin, zane ne kawai a shimfiɗe. Ta ce, “Na sani, ba ya nan. Amma wallahi ina jin sa. Rabon da in ji yatsan nan tun kafin a yi miki aure.” Ta yi dariya har da hawaye. Na sa hannu na sosa katifar, ta lumshe ido ta ce, “Yawwa, nan.” Sista ta ce haka yake faruwa, kada mu tsorata.

Muka fara shirin gida. Yaya ya sa kafinta ya fara sassaƙa sanduna. Sai ɗinkin ya ƙi kamewa, ya fara ruwa. Diddigen hagu da ya warke ya sake buɗewa. Bayanta ya yi gyambo saboda kwanciya, duk da ina juya ta ina shafa mata hoda. Daga nan fitsari ya ragu, fuska da hannaye suka kumbura, ta fara barci mai nauyi, idan ta farka ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara. Likita ya zo ya daɗe a tsaye. Ya ce ƙoda ta gaji. Ya ce da an zo a ranar farko, ko da an yi aikin da wuri, wataƙila. Bai ƙarasa ba, Sista ma ba ta ƙarasa masa ba.

Da hankalinta ya dawo na ɗan lokaci ta ce, “Direba, kai ni gida.” Ya aro mota, muka shimfiɗa katifa a baya. Sista Akosuwa ta raka mu har bakin ƙofa, ta cusa mini auduga da bandeji a jaka, ta ce, “Mma, ka yafe mini faɗa nawa.” Mma ta ɗaga hannu ta shafa mata kai.

A gida ta ce a kwantar da ita a bakin ƙofar ɗakinta inda za ta ga tsakar gida. Matar Yaya ta dawo da jaririya, aka ɗora mata ita a ƙirji, ta tofa mata addu'a. Ta kira Yaya ta ce, “Abin da ka saya mini, don ƙauna ka saya. Na ji daɗinsa rani guda. Kada in ji ka ɗora wa kanka.” Ya ce, “To, Mma.” Wata ranar Alhamis da hantsi, ina ɗiga mata ruwa a baki da cokali, Gwaggo na karanta mata kalmar shahada, ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara. An binne ta kusa da inda aka binne ƙafar, Yaya ya riga ya sa alama a wurin.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka. Idan kuna da tankin ruwan zafi, na itace ne ko na lantarki irin na yanzu, ku riƙa duba agogonsa, amma kada ku miƙa masa wuya. Ƙarfe ne, yana tsatsa, yana maƙalewa, kuma ba zai gaya muku ya lalace ba. Lokaci-lokaci a kira mai gyara ya gwada shi. Kada tsoho ko yaro ya sa jiki a ƙarƙashin famfo kai tsaye. A tara a bokiti, a sirka, mai lafiya ya tsoma gwiwar hannunsa tukuna. Tsohon da ya ce muku ƙafarsa ta yi nauyi ko takalmi na zame masa, ga yawan ƙishirwa, ku kai a duba shi tun ba a kai ga ƙuna ba. Idan kuma ƙunar ta faru, ruwan sanyi, tsabtataccen zane, asibiti, a ranar. Kada ku jira kuka.

Ina da ƙorafi a kan layin da ya cinye mana yini, da maganin da ya yanke a tsakiyar jinya. Ina kuma da godiya ga likitan da ban taɓa sanin sunansa ba, da Sista, da Kwami, da Gwaggo wadda ta yi kuskure da hannun da ta yi alheri da shi.

Yaya bai sake mallakar lori ba. Ya yi wa wasu tuƙi har idonsa ya raunana. Ni na sake aure a Nyohini, na haifi uku. Shekarun baya Yaya ya fara yawan shan ruwa, aka gwada, aka ce shuga. Yanzu shi ma ƙafafunsa sun yi shiru. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suna kudu, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa ƙafa sai ni.

Duk safiya nakan hau mota in je Zogbeli. Ina shiga zai zare takalmansa ya miƙo ƙafafun a kan tabarma, ya kau da kai. In duba tafin, in duba diddige, in buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ba ma hira sai na gama.

Sai ya ce, “Akwai wani abu?”

In ce, “Babu, Yaya.”

Ya ce, “To, Allah ya kai mu gobe.”